Fuskar Babana a Ruwan Rijiya

Abin nan a Gumel ya faru, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano. Ina da ƙuruciyata a lokacin, ban daɗe da aure ba. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ita ta raine shi tun yana rarrafe.

Maigidana falke ne na fata. Yakan sayi fatun awaki a kasuwar Maigatari da ta Gagarawa, ya ɗora wa jakuna ya kai Kano. A wata tafiya da ya yi da bazara sai ya sauka maƙwabtaka da wani mutumin Ikko mai ɗaukar hoto. Ya ga mutum ya zauna a kujera, bayan kwana biyu ga shi nan kwance a takarda, har da tsagar fuskarsa. Abin ya shiga ransa ya ƙi fita. Ya riƙa ɗaukar wa mutumin kaya yana kallo, har dare uku mutumin ya bar shi ya shiga ɗakin da yake wankin hoto. Da mutumin zai koma garinsu sai ya bar masa tsohon akwatinsa na ɗaukar hoto, shi kuma ya ba shi jaki.

Ranar da ya dawo, Gwaggo ta ƙirga jakuna da ido, ta dubi akwatin mai ƙafa uku da ya jingine a zaure.

"Ɗan nan, ina jakin nan mai yankakken kunne?"

"Ga shi nan, Gwaggo," ya nuna akwatin.

"To madalla. Ka tafi da mai ƙafa huɗu ka dawo da mai ƙafa uku. Baɗi sai ka kawo mana gurgu."

Damina ta zo, aikin gona ya tsare shi. Kaka ta zo, aka yi girbi. Bai sami sukunin buɗe kayan ba sai da ɗari ya sauka sosai, irin wanda tsofaffi ba sa fita sai hantsi.

A nan ya zaunar da ni ya nuna mini yadda abin yake, don aikin na hannu huɗu ne. Akwai gilasai goma sha biyu, kowanne kamar tafin hannun babban mutum, an shafe fuska ɗaya da wani abu fari-fari kamar busasshen ƙullu. Gilashin nan ba ya son haske ko kaɗan. Sau ɗaya kawai ake barinsa ya ga duniya, ta idon akwatin, gwargwadon numfashi biyu. Daga nan sai a cikin duhu za a fito da shi, a dama garin magani a ruwa a tsoma shi, a ƙirga, a ɗauraye, a sake tsoma shi a magani na biyu wanda ke kama surar kada ta gudu. Jan haske kaɗai yake haƙuri da shi, don haka muka naɗe fitilar ƙwai da jan mulufi ninki uku. Mutumin Ikko da agogo yake ƙirgawa. Maigidana ba shi da agogo, amma ya auna da carbinsa a can Kano, ya ga zagaye biyu ne daidai.

Ɗakinmu na ciyawa ne, da rana haske na tsiyaya ta ko'ina. Dole sai dare, dare ma sai wanda babu wata. Na bi jinka da tsumma na toshe, na rataya gwado a kan asabari.

Ya ɗauki bishiyar kuka ta bayan gida. Dare ya yi, muka shiga. Ni kuwa, kamar yadda kowace mace ke yi da ɗari, na shigo da kaskon garwashi na ajiye a gefe. Aka tsoma gilashi, aka ja carbi, aka ɗaga: baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Aka kwana, aka tashi, aka ɗauki jaki. Baƙi ƙirin. Sai a na uku ya juya ya ga lokacin da nake hura garwashin, harshen wuta ya tashi ya haska bango.

"Ke! Ashe ke ce kike cinye mini su!"

"Malam, ni da ko taɓawa ban yi ba?"

"Fitar da kaskon nan."

Na fitar. Daga ranar muka koma aiki babu wuta.

Wanda bai zauna a ɗakin da babu wuta a tsakiyar ɗarin ƙasarmu ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙasa tana ba ka sanyi ta tabarma, ruwan randa kuwa in ka sa yatsa sai ka ji kamar an sare shi. Kuma daga randar nan yake ɗiba, wadda ke tsakar gida, domin mutumin Ikko ya ja masa kunne a kan ruwa mai tsabta, shi kuwa ruwan randa ya kwana ya kwanta, babu yashi. Ni ke riƙe tasa ina jijjigawa a hankali, shi yana jan carbi haƙoransa na haɗuwa. Wani dare yatsunsa suka ƙage, gilashi ya suɓuce ya faɗa bakin tasa ya rabe biyu. Na ji yana tattara ɓaraguzan a duhu.

Baƙin ya daina. Amma sai wani ciwon ya zo. Yanzu in an tsoma an ɗaga, babu komai. A sa a magani na biyu, farin ya wanke, gilashi ya fito fayau, kana hango fitila ta cikinsa. Ba kuka, ba jaki, ba rumbu. Haka muka yi ta yi, wata ya fito muka jira, wata ya ɓuya muka koma, har gilasai suka rage saura uku.

Gwaggo takan tare mu da safe tana jin ɗumi a bakin murhu.

"Masu kamun inuwa, an tashi lafiya? Yau me aka kamo, mura?"

Ana cikin haka sai ga babana ya iso daga ƙauyenmu na wajen Sule Tankarkar, da sandarsa da butarsa da ɗan ƙunshi a kafaɗa. Ya zo sallama ne. Zai tafi Makka a ƙasa, tare da wani ayari da zai bi ta gabas. A wancan zamani wanda ya kama hanyar nan sai ya raba abin da ya mallaka tukuna, ya nemi gafarar kowa. Wani ya yi shekara bakwai, wani goma, da yawa kuma sai dai labari. Babana gemunsa ya riga ya yi fari. Na dube shi yana alwala, na san a raina wannan ganin da wuya a sake shi.

Da dare na durƙusa gabansa na roƙe shi ya zauna a ɗauke shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata.

"Uwata, abin nan ban san hukuncinsa ba. Ban ji malamina ya halatta ba, ban ji ya haramta ba, don bai taɓa ganinsa ba. Amma uwa ba ta roƙon ɗanta ya ƙi. Sau ɗaya zan zauna. In Allah ya nufa ki riƙa ganina, za ki gani. In bai nufa ba, kada ki yi kuka a kan gilashi."

Da hantsi aka shimfiɗa masa buzu a jikin katanga inda rana ke bugawa. Sai ga wata matsala da ba mu yi tunaninta ba. Maigidana tun da ya aure ni bai taɓa kallon tsakiyar idon babana ba, ko gaisuwa daga nesa yake tsugunawa, kansa a ƙasa. Yau kuma aikin ya ce sai ya ƙura masa ido, har ya ce masa yi kaza, bar kaza. Ya tura kansa cikin baƙin zanen da ke bayan akwatin. Can na ji murya ƙasa-ƙasa daga cikin zane.

"Ke, ki ce wa Baba ya ɗan ɗaga haɓa."

"Baba, wai ka ɗaga haɓa."

"Ki ce ya yi yawa."

"Baba, wai ya yi yawa."

Babana ya dubi zanen da ƙafafu biyu ke leƙowa daga ƙarƙashinsa.

"Uwata, mijin nan naki kunyata ce ta sa ya shige cikin zane, ko haka sana'ar take?"

Gwaggo ta amsa daga bakin madafa: "Duka biyun ne, Malam. Ka yi haƙuri da mu."

Babana ya kusa dariya, ya danne. Aka ce kada ya motsa. Maigidana ya cire murfin idon akwatin, na ja numfashi biyu tare da shi, ya mayar.

Washegari da asuba babana ya tafi. Na raka shi har bayan gari, ya dafa kaina, ya ce in koma.

Gilashin da ke ɗauke da shi muka bar shi a cikin gidansa na katako, na naɗe da baƙin saƙi, na sa a ƙasan adudun kayana. Babana yana ciki, amma ba mai ganinsa, kuma tsomawa ɗaya ce: in ta ɓaci ta ɓaci har abada. Maigidana ya rantse ba zai taɓa shi ba sai ya ga sura ta fito a wani. Saura biyu na gwaji.

Da na farko ya ɗauki rumbu, ya ce wannan karon zagaye huɗu zai ja. Muka daskare muna jira. Da aka ɗaga sai ga wani abu dishi-dishi, kamar sawun hayaƙi a bango, in ka karkata gilashin ka ga kamar rumbu, in ka miƙe shi ya ɓace. Ya ajiye carbin ya ce maganin ne ya mutu, kuma wanda zai tambaya yana Ikko, bakin teku. Kwana uku ba ya cin tuwon kirki. Ni kuma in na buɗe adudu ɗaukar zane sai in kawar da ido daga baƙin saƙin.

Ran nan da safe na buɗe ƙwaryar nonon da na ajiye tun jiya don ya yi barci, na tarar da shi tsululu yadda na zuba shi. Haka nono yake yi da ɗari, sai an kai shi kusa da murhu an lulluɓe. Na tsaya da ƙwarya a hannu. Ƙullu ma da ɗari ba ya tashi. Daddawa ma sai an rufe ta da ganye ta ji ɗumi. Na je na sami maigidana a zaure.

"Malam, da wane lokaci mutumin nan ya koya maka?"

"Da bazara mana."

"To maganinka bai mutu ba. Sanyi yake ji."

Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai kuma ya ce, "Wa za mu ɗauka?"

Gwaggo muka ɗauka. Ta ce ita ba ta yarda da abin ba, amma sai da ta sa aka jira ta ta ɗaura sabon zane ta sa tozali. Da dare na dafa ruwa a madafa, na surka da na randa har ya yi irin wanda ake yi wa mai jego, wanda hannu ke iya jurewa da ƙyar. A ganina in ɗumi kaɗan na da amfani, mai yawa ya fi. Aka dama magani, aka tsoma. Ko rabin zagaye bai ja ba sai ga Gwaggo ta taso a cikin tasa, da ɗaurin kallabinta da komai. Na yi salati da ƙarfi. Maigidana ya sa hannu ya ɗago gilashin. Sai muka ga fuskar ta yamutse, ta zame, ta sulale daga jikin gilashin kamar yanar kunu, ta koma cikin ruwa ta narke.

Ni na kashe na ƙarshen gwaji da hannuna. Saura babana kaɗai.

Da safe na faɗa wa Gwaggo ina hawaye. Na zaci za ta yi mana dariya. Ba ta yi ba. Ta gyara itacen murhu, ta kira maigidana.

"Zo nan, mai jaki gurgu. Sanyi ya hana, zafi ya narkar. To shi mutumin naka da wane ruwa yake yi?"

"Na rijiyar gidan da yake haya. Yakan ja ya tace, ya dama nan take."

"Nan take. Kai kuma ka zo kana ɗibar na randa da ya kwana a waje yana shan jaura. Ka taɓa jan ruwa da asuba a watan nan?"

"Ban taɓa ba."

"Na sani. Tun kana yaro ba ka taɓa ba. Tambayi matan unguwa, har tururi yake yi. Da bazara ku ce ruwan rijiya da sanyi, da ɗari ku ce da ɗumi. Ruwan bai sauya ba, jikinku ne. Rijiya ba ta san ɗari ba, ba ta san bazara ba. Ruwan da mutuminka ya yi aiki da shi yana nan a ƙasa yana jiranka."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Ya ce, "In kuma ya ɓaci fa? Babu wani."

Gwaggo ta nuna ni da haɓa. "Ubanta ne. Ita za ta ce."

Na ce a yi.

Muka jira kwana biyar wata ya riƙa faɗuwa da wuri. A dare na shida, can kafin kiran assalatu, maigidana ya ɗauki guga da tulu ya nufi rijiyar unguwa. Rijiyoyinmu da zurfi, na san zai daɗe. Na rungume tasoshin biyu a cikina ƙarƙashin zane don kada sanyin ƙarfe ya shanye ɗumin ruwan. Gwaggo, wadda ba ta taɓa leƙa ɗakin aikin nan ba, ta shigo da bargonta ta zauna a bakin ƙofa ta danne gwadon da bayanta, wai kada iska ta ɗaga.

Ya dawo da gudu-gudu, tulu naɗe cikin rigarsa, shi daga shi sai wando. Na tace ruwan da farin ƙyalle sau biyu. Na sa yatsa. Ba zafi, ba sanyi, kamar ba ka taɓa komai ba. Ya dama magani. Na kwance baƙin saƙi na miƙa masa. Ya yi bisimilla, ya zare gilashin, ya kwantar da shi a tasa.

Na fara jijjigawa. Carbi na tafiya, ƙwas, ƙwas. Ya wuce talatin, babu komai. Ya wuce hamsin, fari fat. Sai wani ɗan duhu ya tsiro a tsakiya, ya yaɗu, ya zama riga. Rawani ya biyo. Katanga ta fito a baya. Ban ƙara jin sanyi ba. Ya cika zagaye biyunsa bai gaggauta ba, ya ɗauraye, ya sa a magani na biyu, muka jira. Fuskar ba ta zame ba. Ta zauna daram.

Da ya ɗaga shi a gaban jar fitila sai tsoro ya kama ni. Mutum ne zaune a buzu, amma fuskarsa fara sol, gemunsa baƙi, rigarsa baƙa, idanunsa kamar na abin da ake gani a mafarki. Gwaggo ta leƙo ta ja da baya.

"A'uzubillahi! Wannan ai ba Malam ba ne. Wa kuka kamo?"

A karo na farko cikin wata biyu na ji maigidana ya yi dariya, dariya har da tari.

"Shi ne, Gwaggo, wallahi shi ne. Haka yake fitowa a juye. Ku bari rana ta fito."

Aka wanke shi da sauran ruwan tulu, aka jingine shi a cikin akushi ya bushe. Ban runtsa ba. Wajen azahar ya ɗauko wata takarda daga cikin kayan, ya manna ta a bayan gilashin, ya ɗaure su a katako, ya ajiye a rana. Muka tsuguna mu uku muna gadi, har kaza Gwaggo ta jefa da takalmi don ta matso. Bayan ɗan lokaci ya kai inuwar ɗaki ya buɗe, ya tsoma takardar a maganin kamawa, ya ɗauraye, ya miƙo mini a tafin hannunsa tana ɗiga.

Babana ne. Farin gemunsa, da tsagarsa, da ɗan karkacewar bakin nan na dariyar da ya danne. Hannunsa na dama ne kawai ya yi hazo-hazo, ashe bai daina jan carbi ba ko da aka ce kada ya motsa. Na zauna a ƙasa. Wani nauyi da na yi kwanaki ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka, har na ji yunwa. Na ci tuwon jiya da sanyinsa, na kwanta, ban farka ba sai magariba.

Da sanyi ya fara sauƙi maigidana ya buga takarda ta biyu daga gilashin, ya ɗora ni a jaki muka tafi ƙauyenmu. Innata tana can, ita ba ta bi ayarin ba saboda ciwon gwiwa. Ban gaya mata abin da na kawo ba. Na buɗe ƙyallen na ajiye mata a cinya.

Ta duba, ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe kanta, ta kawar da fuska gefe kamar yadda take yi in ya shigo. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo a hankali ta kalle shi sosai, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba yana zaune a gabanta. Ta sa bakin zane ta share ido.

"Ku duba rawanin nan," in ji ta. "Kwana biyu kawai ya yi ba na kusa, ya naɗa shi a karkace. Kuma ke kina tsaye kina kallo ba ki gyara masa ba."